Rakiyar Katanga

Ina kan injin yankan ciyawa a wani gida a Irving Park wayata ta yi ta motsi a aljihu. Ban ɗauka ba, domin matar gidan ba ta son ganin ma'aikaci da waya a kunne. Da na kai ƙarshen layi na kashe injin, sai na ga Mama Saratu ce. Ba ta kiran mutum yana bakin aiki. Tun kafin in mayar mata da kiran jikina ya ba ni.

"Tanko, kana zaune ko kana tsaye?"

"Ina zaune, Mama."

"To ka yi haƙuri, ɗana. Mutuminka ya tafi da safen nan. Ina gefensa. Bai wahala ba."

Na yi salati, na kuma yi. Ban sauka daga kan injin ba. Ciyawar da na yanke tana ta ƙamshi, wani kare yana haushi a bayan shinge, komai yana nan yadda yake.

Mutumin nawa sunansa Ramiro. Ɗan ƙasar Sifaniya ne, tsohon ɗan ƙwallo mai tsaron baya. Mu Hausawan Greensboro Katanga muke ce masa. Na yi masa alkawarin zan raka shi garinsu, shi kuma ya zauna jiran takarduna su fito, domin in iya fita daga ƙasar nan in dawo wurin iyalina. Ya riga takardun.

Ni ma ƙwallo ce ta kawo ni Amurka. A Jos lamba biyar nake bugawa. Akwai wani mutum mai zuwa filinmu da baƙin tabarau, Ejan muke ce masa, wato dillalin ’yan ƙwallo, shi ya ce ya samar mini gwaji a wata ƙungiya a Greensboro. Babana ya sayar da filin da ya ajiye don gina wa kansa gida. Na sauka a filin jirgin garin nan da jaka ɗaya da takalmin ƙwallo rataye a wuya, ina duba fuskokin masu riƙe da alluna. Babu mai riƙe da sunana. Lambar da Ejan ya ba ni ba ta shiga. Na tari tasi na nuna adireshin ƙungiyar, muka je muka tarar da wurin wankin mota.

Direban ya dube ni ta madubi. Da ya ji abin da ya fita daga bakina, sai ya juyo gaba ɗaya.

"Kai! Bahaushe ne? Cale, me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu nake karya harshena?"

Awudu ke nan, ɗan zangon Kumasi, inda ake ce wa aboki cale. Bai tambaye ni labari ba, ya ce ya san labarin, ni ba na fari ba ne. Ya kai ni gidan wata mata mutuniyar Pankshin mai aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita ce Mama Saratu. A Jos unguwar ’yan'uwanta da tamu ba a shiga juna in rana ta faɗi. A nan kuwa ta zuba mini tuwon semo da miyar kuka, ta tsaya a kaina har na cinye, sannan ta nuna mini kusurwar ɗaki da hannu.

"Masallatanku can suke fuskanta. Ga tawul mai tsabta, ka shimfiɗa."

Na zauna a ɗakin ɗanta da ya tafi karatu. Bizata ta ƙare ina can. Komawa gida na nufin in kalli idon Babana in ce masa filinsa ya zama wurin wankin mota, na kasa. Na ce bari in ɗan tara abin da zan fanshi filin tukuna. Kowa a nan da irin wannan "tukuna" ya fara.

Aikina na farko a McLeansville ne, a wani ɗakin ajiyar kujeru da gadaje. Ba ni da mota. Inda bas take tsayawa da wurin akwai tafiya, hanyar kuma ba a yi ta don mai ƙafa ba. Gonaki ne, sai gida ɗaya can, wani can. Ka yi ta tafiya ba ka haɗu da wanda za ka yi wa sallama ba. Motoci suna wucewa, mutanen ciki suna waiwayen ka kamar ka ɓata daga wani wuri. Mai wurin ya gane ba ni da takardu, daga ranar ya riƙa biya na abin da ya ga dama. In na yi magana sai ya ɗaga wayarsa ya nuna mini, wato kira ɗaya ga hukuma ya isa a kore ni. Na gane. Takalmin ƙwallon yana ƙarƙashin gado, ban ko so in gan shi.

Awudu ne ya ja ni filin Lahadi. Wani fili ne a bayan makaranta inda baƙi ke haɗuwa: mu, mutanen Nijar, ’yan Gana, ’yan Meziko. Ranar aka rasa mutum ɗaya a ’yan bayanmu. A gefe akwai wani dogon Bature mai furfura a gemu, hancinsa a karkace, ya gama koya wa yara yana tattara kayansa. Awudu ya yafuto shi.

Ɗaya daga cikin mutanen Nijar ya ce, "Wannan tsohon? A samo masa kujera ya zauna a gaban raga."

Mutumin bai ji Hausa ba, amma ya ji dariyar. Ya ɗaure takalminsa ya tsaya a gefena. Ban ga ya yi gudu ba ranar. Duk inda ƙwallo za ta faɗo, sai ka tarar yana tsaye a wurin kamar tun jiya aka gaya masa. In ta zo ta sama kuwa, kansa ne. Kana jin ƙarar daga ɗaya ragar. Kafin a tashi sunan Katanga ya kama shi.

Da aka je hutu ya kama hannuna. Turancinsa gurgu ne, nawa ma haka, shi ya sa muka fahimci juna.

"Kana da ƙarfi, kana da gudu. Amma ƙwallo kake kallo. Ƙwallo ba ta shiga raga ita kaɗai, mutum ke kai ta. Ka ɗauki mutuminka, kada ka sake shi sai an hura usur."

Awudu ya sa baki, "In ya shiga bayi ma, ka riƙe masa buta."

Daga ranar muka zama ’yan bayan ƙungiyar, shi a hagu, ni a dama. Ya koya mini tarkon satar gida. ’Yan baya su tsaya a layi ɗaya, in ya yi ihu "Fuera!", wato a fita, duk mu taka gaba lokaci guda mu bar ɗan gaban a tsaye shi kaɗai, shi kuma Ramiro ya ɗaga hannun dama sama don alƙali ya hura. Ya ce abin ba wayo ba ne, amana ce. In mutum ɗaya ya yi shakka ya tsaya, an ci kowa.

Labarin rayuwarsa bai ba ni a zama ɗaya ba. A mota nake tsintar sa, domin shi ya riƙa mayar da ni gida, daga baya ma shi ya haɗa ni da masu yankan ciyawa a gidajen iyayen yaran da yake koya wa, na rabu da McLeansville.

An haife shi a wani ƙaramin garin masunta a arewacin Sifaniya, inda ya ce ruwan sama ba ya neman izini. Ubansa ɗinkin koma yake yi a bakin teku. Yana yaro wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi zuwa birni, ya riƙa shiga banɗaki yana sakin famfo don kada abokan kwanansa su ji kukansa. Kullum da safe akwai ƙwallo da ake ratayewa da igiya, ’yan baya su yi ta tsalle suna dukan ta da ka har su ga duhu-duhu. Babbar ƙungiyar ba ta taɓa sa shi a babban wasa ba. Sai aro, bana wannan gari, baɗi wancan, kamar tukunyar biki. Ya daɗe a rukuni na biyu, inda ya ce ake karya hanci a ba da haƙuri bayan an tashi. Can ya zama kyaftin, can suka hau rukunin farko a wata rana da ruwa ya hana ganin ɗaya ragar. Ya yi kaka biyu yana tsaron mutanen da muke kallo a gidan kallo a Jos. Ƙwallo ɗaya ya ci a rukunin farko, da ka, daga bugun kwana. Uwarsa ba ta gani ba, ta tashi duba tukunya. Bayan sun faɗo rukuni na biyu, gwiwarsa ta tafi. Wata ƙaramar ƙungiya a nan Amurka ta ba shi kwantiragin ƙarshe, ya auri Ba'amurkiya, ƙungiyar ta rushe, auren ma ya bi ta. Ya rage a wani ɗan gidan haya a Pleasant Garden yana koya wa ’ya'yan masu hali.

Na tambaye shi me ya hana shi komawa. Ya ce a garinsu hotonsa yana rataye a shagon shayi, yana sama yana dukan ƙwallo. "Wancan mutumin suke jira. Baɗi zan je."

Na ce ni ma baɗi.

Ranar da ya fara zuwa ɗakina, da ya tashi tafiya na bi shi. Muka sauka daga bene, muka ratsa wurin ajiye motoci, ina gefensa. Ya buɗe mota, ina tsaye. Ya laluba aljihunsa.

"Na manta wani abu ne?"

"A'a, Koci. Rakiya ce."

Na yi masa bayani. A wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora. Sai ka taka masa. Kuma mai rakiya ba ya juyawa don kansa, sai baƙon ya sallame shi.

"In ban sallame ka ba fa?"

"Sai in yi ta bin ka."

Ya yi dariya har ya jingina da motar. Ya ce ashe Hausawa duk ’yan baya ne, tsaron mutum da mutum aka haife mu da shi. Ya sa na koya masa abin da ake faɗa. Da kyar harshensa ya ɗauka: "Koma, Tanko. Ta isa." Daga nan abin ya zama wasanmu. Sai ya ajiye motarsa can nesa da gangan. Wani lokaci ya kai bakin motar ya zagaya ta, ya sake zagayawa, ina bin sa, yana satar kallo na, sai ya gaji ya faɗa. In ni na je Pleasant Garden kuwa, shi ma sai ya rako ni, ya tsaya ya harɗe hannu yana jira in ce masa, "Koma, Koci. Ta isa."

Shekaru suka tafi a haka. Na auri Hadiza, wadda ta zo ƙasar nan da takardunta, muka sami Amina. Lauya ta shigar da maganar takarduna, ta ce abu ɗaya za ta gaya mini: kada ƙafata ta fita daga ƙasar nan kafin a amsa, in na fita ƙofa za ta rufe na shekaru masu yawa. Ana cikin wannan jiran Babana ya rasu. A waya na ji ana haƙa kabarinsa. Aka yi zaman makoki a falon wani Alhaji, dattijon jama'armu. Ramiro ya zo, ya cire takalmi ba wanda ya gaya masa, ya zauna a kan darduma da ƙafa ɗaya a miƙe saboda gwiwar. Kullum sai ya zo har aka tashi. Ba ya jin abin da ake faɗa, in an shafa shi ma ya shafa.

A rana ta ƙarshe da na raka shi ya ce, "Nawa uban ya mutu ranar Juma'a, muna da wasa Lahadi. Suka ce mini da yana da rai zai so in buga. Na buga." Ya zaro makullin motarsa. "Ƙarya suke yi. Zai so in zo."

Ciwon ya fara ne da ƙananan abubuwa. Ya riƙa kira na da sunan wani Chema, abokin bayansa na rukuni na biyu. Wata Lahadi ƙwallo ta fita waje, kowa ya tsaya shan ruwa, sai muka ji "Fuera!" Muka waiwaya, yana tsakiyar fili shi kaɗai, ya taka gaba, hannunsa a sama. Awudu ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ga fuskarsa, ya rufe. Daga baya ya ɓata a hanyar gidansa, hanyar da ya yi shekaru yana bi. Iyayen yara suka janye ’ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, yadda mutanen nan suka iya.

Ni na kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon mantuwa ne, ya zo masa da wuri. Ta tambayi aikin da ya yi. Da ta ji, ta ce ba za ta rantse ba, amma wataƙila dukan da kan ya sha yana ciki. Ramiro ya shafa goshinsa ya ce, "Da wannan na ci abinci. Yanzu shi ke ci na."

Da muka koma Pleasant Garden muka zauna a barandarsa. Lokacin zubar ganye ne, hantsi ya yi. Ranar kansa garau yake.

"Tanko, zan tafi gida. Ba wancan na hoton ba, wannan. Amma kai za ka raka ni. Ba bakin mota ba. Har garinmu."

"In sha Allahu, Koci."

"Ba irin in sha Allahun Awudu ba."

"Ba irinsa ba. Na yi alkawari."

Na gaya masa sai takardu sun fito. Ya ce ya yi shekaru yana jiran ɗan gaba ya yi kuskure, jira ba baƙonsa ba ne.

Ciwon bai jira ba. Aka karɓe masa makullin mota, ya riƙa fita da ƙafa a unguwar da ba mai tafiya da ƙafa, maƙwabta suna kiran ’yan sanda. Yayarsa Maite, wadda ke jinyar tsohuwarsu a gida, ta bar ta wurin dangi ta zo ɗaukar sa. Gajeriyar mace ce mai irin hancinsa kafin a karya. Muka haɗa masa kaya. Na kai su filin jirgi, na riƙe masa jaka har bakin wurin bincike, inda marar tikiti ba ya wucewa. Na tsaya. Ina jira ya sallame ni.

Ya dube ni, ya dubi layin mutane da injinan, ya sake duba na. Sai ya miƙo hannu ya damƙe rigata ta baya, irin riƙon da ɗan baya ke yi in alƙali ba ya kallo. Maite ta yi masa magana da harshensu, ta roƙe shi, ta yi kuka. Ma'aikata suka zo. Na ce, "Koci, ka tafi, zan biyo ka." Bai saki ba. Da wani ya taɓa kafaɗarsa ya fara ihu, mutane suna ja da baya. Jirgin ya tashi muna zaune a kan benci, rigata tana hannunsa. Likita ta ce kada a sake gwadawa sai da wanda hankalinsa ke kwanciya da shi. Maite ta koma ita kaɗai. Kafin ta tafi ta riƙe hannuna biyu ta ce da ɗan Turancinta, "Kai za ka kawo shi."

Mama Saratu ce ta yi ta shige da fice har aka ba shi gado a inda take aiki. Lahadina ta tashi daga fili ta koma can. Turancin ya fara zubewa daga bakinsa, sannan sunana. In na shiga sai ya matsa mini wuri ta damansa. Na rasa abin da zan riƙa faɗa masa, sai na fara mayar masa da labarinsa. Garin masunta, famfo, ƙwallon da ke rataye da igiya, aro, ruwan ranar da suka hau, ƙwallo ɗaya da tukunyar uwarsa. Yana saurare kamar labarin wani. Wata rana ya katse ni.

"Mutumin nan ya iya ƙwallo?"

"Ya iya ƙwarai."

Ya gyaɗa kai. "Ya koma gida?"

Na ce yana hanya.

Tafiyata ce ke da wuya. In na tashi sai ya biyo ni ta dogon barandan har ƙofar da ake kullewa. Ma'aikata sun gwada lallashi, sun gwada alewa, ba ya juyawa. Ranar nan na waiwaya na ce, "Koma, Koci. Ta isa." Ya tsaya cak. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya juya ya koma ɗakinsa. Ya manta sunan uwarsa, ya manta ya taɓa aure, amma wannan bai manta ba. Mama Saratu ta ce ta gwada faɗa masa in ba na nan, ko kallon ta bai yi ba. Ta ce wani lokaci takan same shi a tsakiyar barandan da rana tsaka, ya taka gaba, hannun dama a sama, yana duba gefensa ko sauran sun fito.

Ranar da labarin rasuwarsa ya zo na bar injin a inda yake. Na je gida na yi wanka, na sa farar riga, na kira Awudu. Sauri muke kada a kai shi ba mu. Ina tunanin aƙalla zan sa kafaɗata, abin da ban yi wa Babana ba. Duk shekarun da na yi a ƙasar nan, ƙafafuna ba su koyi cewa a nan ba a gaggawar mamaci ba. Muka tarar an yaye zanin gado, an buɗe taga. Mama Saratu ta ce masu ajiye gawa sun ɗauke shi, sai Maite ta iso. Sannan ta ja ni gefe ta rage murya.

"Ka ƙarfafa zuciyarka. Ƙona shi za su yi. Haka ’yar'uwar ta ce, don a iya tafiya da shi."

Awudu ya cire hularsa ya mayar. "Katanga guda? Subhanallahi."

 Ba addinina ba ne, ba jinina ba ne, ba ni da ta cewa.

Maite ta iso. Tsohuwarsu ta riga ta rasu a cikin wannan jiran, ba mu gaya masa ba. Ta ce za ta saya mini tikiti mu tafi tare. Na je wurin lauya. Ta ce akwai izinin fita da ake nema, amma yana ɗaukar lokaci, kuma sai da dalili mai ƙarfi.

"Me yake a wurinka? Uba? Ɗan'uwa?"

Na ce tare muke tsaron baya.

Ta cire tabaranta ta ce ta yi mini ta'aziyya, amma wannan ba zai shiga ba. In na tafi haka, kada in sa ran ganin ’yata a ƙasar nan sai ta girma.

Na gaya wa Hadiza bayan la'asar, tana yi wa Amina kitso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abban Amina, na san alkawari ne. Ban ce ba nauyi ba ne. Amma wanda ya tafi ba ya jin takun mai rakiya. Mu muna ji."

Amina ta ɗago kai ta tambaya da Turanci ko tafiya zan yi. Na ce mata filin jirgi kawai.

Akwatin da aka zuba tokarsa ƙarami ne, na katako. Awudu ne ya tuƙa, Maite a gaba, ni da Mama Saratu a baya. A cinyata na ɗora shi. Nauyinsa bai wuce na jariri sabon haihuwa ba. Mutumin da in ya yi tsalle ya sauko kake jin ƙasa ta amsa. Mama Saratu ta yi addu'arta a hankali, ni na rasa wadda zan yi, sai na ba shi labarinsa a zuci tun daga garin masunta. Ban kai ga hawansu rukunin farko ba muka iso.

Wurin dai shi ne, bencin ma yana nan. Na riƙe akwatin har bakin wurin bincike. Maite ta karɓa da hannu biyu, ta sumbace ni a kumatu, ta yi godiya da harshensu, ta shiga layi. Na ga an ɗora shi a kan bel ɗin injin tare da takalman mutane. Ya shiga, ya fita ta can. Ta ɗauka, ta ɗaga mini hannu, ta sha kwana.

Na ci gaba da tsayawa. Sai da Mama Saratu ta taɓa hannuna.

"Tanko, mu koma. Ta isa haka."

Na san don ni ta faɗa, Allah ya saka mata. Amma ba ita na rako ba.

Na koma bakin aiki. Lahadi nakan je fili, sun sa wani ɗan Nijar a haguna, yana da kirki, ƙwallo yake kallo. Ni ke kiran layi yanzu. Wani lokaci in na yi ihun muka taka gaba, sai in ga kamar hannu ya tashi ta gefen idona. In na duba, ba kowa.

Na ɗauka maganar ta ƙare a wurin kowa ban da ni. Da sanyi ya shigo Maite ta kira ni ta bidiyo. Ta nuna mini shagon shayin da hoton, ta nuna mini teku, sannan ta shiga gida ta juya wayar. Akwatin yana kan tebur a ɗakin tsohuwarsu, kusa da taga. Ta ce an tanadi wurinsa a maƙabarta, gefen ubansu, amma ba ta kai shi ba. Na roƙe ta. Na ce a wurinmu jinkirta mamaci wahalar da shi ne, ta kai shi ya huta, kada ta jira ni. Ta girgiza kai. Ta ce ita ta kawo shi gari, amma daga gida zuwa maƙabarta akwai ’yar tafiya ta kan tudu, ta bar mini wannan.

Jiya na sake kiran lauya. Ta ce a ci gaba da jira.

Ramiro yana kan tebur a ɗakin uwarsa, ba a binne shi ba. Ni kuma har yau bai ce in koma ba.